Godiya Ga Garejin Gyaran Injin Jirgin Ruwa Na Bakin Tasha A Yawuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin in gode wa maigidan garejin gyaran injin jirgin ruwa da ke bakin tasharmu a Yawuri, shi da yaransa, kuma domin 'yan'uwana masu fito tsakanin Zamare da Rofiya, da masu zuwa kasuwannin Warra da Malale, su san irin aikin da ake yi a wurin.

Injina Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 75, silinda uku. A damina da ta wuce ya fara wani hali: idan na ɗauko buhunan albasa da fasinja, sai in ji ƙarfinsa na raguwa bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, wani lokacin har da ƙaurin zafi. Ruwan da yake fesowa ta baya kuwa yana fita, don haka kowa ya duba sai ya ce ba matsalar ruwa ba ce. Wani makanike a wani gari ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya an canja fistin da ringi, ya yanka mini kuɗin da ko na sayar da akuyoyin gidana ba za su kai ba.

Malam, da na kawo maka, ba ka taɓa ko noti ɗaya ba. Ka sa aka ɗaura injin a jirgi, muka fita cikin ruwa, ka cire murfin, ka ciro wata 'yar na'ura mai kama da bindiga daga aljihu. Duk mun san irinta tun lokacin korona a 2020, sa'ad da ake saita mana ita a goshi a ƙofar banki. Ka bayyana mini cewa ta asibiti zafin jikin mutum kawai take iya karantawa, wannan kuwa ta masu aikin ƙarfe ce, tana auna ɗaruruwan digiri ba tare da ta taɓa abin ba. Ka ɗora jan ɗigon haskenta a kan silinda ta ƙasa, ta nuna kusan digiri 60. Ta tsakiya ma haka. Da ka kai ta sama, lambar ta wuce 80 tana ci gaba da hawa. Nan take ka ce in rage wuta mu koma gaɓa.

Bayanin da ka yi mini a ranar har yanzu ina maimaita shi ga abokan aiki. Ruwan da ke sanyaya injin daga ƙasa yake hawowa, wata robar fanfo da ake kira impela ce ke turo shi. Idan yashin kogi ya cinye fukafukanta, ruwan zai ci gaba da fesowa ta baya kamar lafiya lau, amma ba shi da ƙarfin cika har sama, sai silindar sama ta riƙa gasuwa. Da aka kwance gindin injin, haka aka tarar: fukafukan robar sun lanƙwashe, biyu sun gutsure, ga laka ta toshe wata hanyar ruwa. Aka canja impela, aka wanke hanyoyin, aka mayar da tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, wanda wani ya cire tun kafin in sayi injin. Ka ce cire shi ba gyara ba ne, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba yana baƙanta filogi kuma yana shan mai, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita da lissafi muke zuba ta. Muka sake fita gwaji, silinda ukun suka zo kusan daidai da juna.

Abin da ya fi ƙara maka daraja a idona shi ne ba ka ɓoye sanin ba. Ka miƙa mini na'urar ka ce in gwada da hannuna. Ka nuna mini cewa jan hasken na saiti ne kawai, ba shi ke awon ba, kuma idan na tsaya nesa za ta haɗa zafin abin da nake nufi da na kewayensa ta ba ni lambar ƙarya, don haka a matso kusa. Ka kuma nuna mini yadda ƙarfe mai sheƙi yake ruɗa ta: ka auna wani farin ƙarfe ta nuna sanyi, ka manna baƙin salatif a wurin, ka jira ya ɗauki zafi, sai lambar ta tashi. Fatar waje take karantawa, ba cikin injin ba, saboda haka ka shawarce ni in riƙa auna wuri ɗaya a kowane lokaci, in rubuta a littafi tun injin yana lafiya, domin ranar da lambar ta sauya in gane da wuri. Yaronka ƙarami ma da na ga yana riƙe maka fitila, shi ya auna mini giyabos da wayoyin batir, cikin ladabi da natsuwa.

Mu da muke kan wannan ruwa mun san abin da mutuwar inji a tsakiyar tafkin Kainji take nufi idan iska ta taso, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi tun da aka datse kogin a 1968. Babu wanda ya manta da hatsarin Warra na watan Mayun 2021 da rayukan da aka rasa. Lodi fiye da kima da tsufan jirage su ne aka fi magana a kansu, kuma gaskiya ne, amma lafiyar inji ma amana ce a wuyan duk wanda ya ɗauki matan mutane da 'ya'yansu.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su gayyaci wannan bawan Allah ranar taro ya nuna wa direbobi yadda ake awon, a kuma haɗa kuɗi a sayi na'ura guda a ajiye a tasha, tunda farashinta bai kai na fistin ɗaya ba.

Malam, kuɗin impela da ladan aikinka kaɗai ka karɓa. Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa sana'arka albarka, ya jiƙan magabatanka, ya raya maka zuri'a.

Naka,
Wani mai jirgin fito, Yawuri, Jihar Kebbi.