Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Haƙƙin Mallakar Waƙoƙinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a nan Kano, ina sanar da kai cewa mu a gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar da kuka yi da mahaifiyarka ta waya ranar Juma'a, wadda ta kawo mini bayan sallar isha'i, cewa wani mai shirya fim ya nemi ka sayar masa da waƙoƙinka uku, zai ba ka kuɗi hannu da hannu, kuma wai babu buƙatar takarda tunda akwai mutunci a tsakaninku. Na gwammace in rubuto maka da in kira ka, domin ina so ka sami abin da za ka ninke ka ajiye, ka sake dubawa a duk ranar da irin wannan ciniki ya taso.

Ka san da farko ban so ka shiga waƙa ba, amma tunda ka riƙe ta a matsayin sana'a, kuma na ga kana kiyaye harshenka, wajibina ne in taya ka kiyaye guminka. A shekarun da na yi ina magatakarda a kotu, na zauna a rabon gado fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma akwai guda ɗaya da har yau yake tsaya mini a rai. Mamacin mawaƙi ne wanda a lokacin ake jin kaset ɗinsa a kowace tasha. Da aka zo lissafin abin da ya bari, na rubuta gida mai ɗaki uku, da gona, da awaki, da kekensa, da kalangu guda biyu da babban ɗansa ya shigo da su a cikin buhu. Babu wanda ya ambaci waƙoƙinsa, ni ma da nake riƙe da alƙalami ban ambata ba, domin a lokacin ban san cewa dukiya ce da ake gada ba. Da na fito cin abinci, muryarsa ce take tashi daga rumfar mai sayar da kaset a bakin hanya, matarsa kuwa tana zaune a gindin darbejiya tana jiran a kira ta.

Abin da na koya daga baya shi ne wannan. A Najeriya, dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, waƙa tana zama mallakarka tun daga lokacin da ka ƙirƙire ta da basirarka kuma ka adana ta a wani abu da za a iya gani ko saurara, ko a littafin rubutu ne, ko a wayarka ka rera ka naɗa. Ba sai ka je wani ofishi ba, ba sai ka biya kowa ba. Amma waƙar da take cikin kanka kawai, ko wadda ka rera wa abokai a majalisa ba a naɗa ba, ba ta cika sharaɗin ba tukuna. Haka kuma doka ba ta kare jigo, wato ba za ka hana wani ya yi waƙar uwa ko ta amarya ba don kai ma ka yi. Abin da take karewa shi ne baitocinka da karin da ka ɗora su a kai. Wannan haƙƙi yana tare da kai muddin ranka, sannan ya zauna a hannun magadanka har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwarka. Don ka ga tsawon abin, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan bisa wannan lissafi waƙoƙin da ya ƙirƙira ba za su zama na kowa da kowa ba sai bayan 2069.

Akwai abin da nake so ka fahimta sosai, domin a nan ne ake yawan yi wa matasa sakiyar da ba ruwa. Duk waƙar da ka shiga situdiyo ka naɗa, dukiya biyu ce a cikinta. Ta farko ita ce waƙar kanta, baiti da kari, wadda take ta wanda ya tsara ta. Ta biyu ita ce naɗin, wato wannan sautin da aka haɗa da kiɗa da amshi aka fitar, kuma shi kariyarsa ta shekara 50 ce. Wajen tantance mai naɗi, doka tana duba wanda ya shirya aikin ya ɗauki ɗawainiyarsa, saboda haka idan mai situdiyo ya ce maka ka zo ka yi kyauta, ka tambaye shi a fili, cikin ladabi, na wane ne naɗin idan an gama, kuma wa yake da ikon ɗora shi a YouTube ko Audiomack ko Boomplay. Amsar da ya ba ka, a rubuta ta kafin ka tsaya gaban makirufo. Idan kai ka biya kuɗin situdiyo, ka karɓi rasit mai kwanan wata da sunan waƙar, ka kuma karɓi ainihin fayilolin aikin, kada ka tafi da kwafin da aka tura maka a waya kawai.

Za ka iya tambayata, tunda haƙƙin yana samuwa ba tare da rajista ba, mene ne amfanin yin ta? Amfaninta shaida. Mai gaskiyar da ba shi da shaida, a gaban alƙali wahala yake sha, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda ake kira NCC, mai hedikwata a Abuja, tana da rajistar ayyuka da ake cikewa ta intanet: za ka shigar da sunanka da sunan waƙar da na duk wanda kuka yi ta tare, ka ɗora kwafinta, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba ka takardar shaida. Wannan takarda ba ita ce take ba ka mallaka ba, amma idan rigima ta kai Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce take sauraron irin waɗannan ƙararraki, za a ɗauki abin da ke cikin rajistar a matsayin gaskiya har sai abokin shari'arka ya kawo hujjar da ta rushe shi. Ka ga nauyin ya sauka daga kanka ya koma kansa. Ina ba ka shawara ka yi wa kowace waƙa rajista kafin ka sake ta, ko aƙalla waɗanda kake jin za su yi kasuwa. Kuma kada ka rikita wannan da rajistar da kuke yi a Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, domin waccan izinin yin sana'a ce da tantance abin da za a fitar, ba ta tabbatar da cewa waƙa taka ce. Littattafan nan naka masu bangon shuɗi da ka bari a ɗakinka, masu goge-goge da gyare-gyare, na sa mahaifiyarka ta adana su a akwatinta, domin su ma shaida ne. Daga yau ka riƙa sa kwanan wata a kan kowane shafi.

Yanzu ga maganar mai fim ɗin. Ba na zarginsa da mugun nufi, ban san shi ba. Sai dai ka tambaye shi, sayarwa yake nufi ko haya? Kai ɗan manomi ne ta wajen kakanka, ka san bambancin wanda ya sayar da gona da wanda ya ba da ita aro na damina ɗaya. Idan ka sayar da haƙƙin gaba ɗaya, waƙar ta bar hannunka, ko kai ka so ka sa ta a kundinka sai da izininsa. Idan kuwa izini ka ba shi, sai a fayyace cewa na wannan fim ɗin ne kaɗai, na shekara kaza, kuma ko yana da ikon yanke waƙar ya ɗora ta daban a tasharsa ko ba shi da shi. Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko ba mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Amma izini na gama-gari ana iya ba da shi da baki, har ma kotu tana iya fahimtarsa daga yadda kuka yi mu'amala, ke nan karɓar kuɗi ka miƙa waƙa ba takarda ƙofa ce ta jayayyar da ba ka san inda za ta tsaya ba. Idan ya ce neman takarda rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu. A ra'ayina kada ka sayar. Ka ba da izini, ko da kuɗin zai ragu. Ko da ma ka sayar wata rana, haƙƙin a ambaci sunanka a matsayin mai waƙar, da haƙƙin hana a jirkita ta yadda za ta zubar maka da mutunci, suna nan tare da kai, doka ba ta yarda a miƙa su ga wani ba muddin kana raye.

Kamar yadda nake so a kiyaye haƙƙinka, haka nake so ka kiyaye na mutane. Idan abokinka ya ba ka baiti biyu, ko makaɗin fiyano ya ƙirƙiro karin da waƙar ta tsaya a kai, ku zauna a ranar ku rubuta kason kowa, kowa ya sa hannu, tun waƙar ba ta kawo ko kwabo ba, domin a lokacin ne zukata suke da sauƙi. 'Yan amshi ma a sallame su da yarjejeniya bayyananniya. Kada ka ɗauki karin waƙar Indiya ko na wani mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya ka ce ai kowa yana yi. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, wadda ƙasashe sama da 180 suke cikinta, har da Nijar da Indiya. Ita ce take kare waƙarka a Maraɗi da Damagaram ba tare da ka sake rajista ba, kuma ita ce take kare ta Ba'indiye a Kano. Hatta waƙoƙin gargajiya irin na gaɗa da na tashe, waɗanda ba a san mai su ba, doka ta sa kula da su a hannun NCC idan za a yi kasuwanci da su.

Sauran abu biyu a taƙaice. Gidajen rediyo da otal-otal da wuraren biki da suke sa waƙa ya kamata su biya, kuma ba za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa ake da ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa irin su MCSN. Ka bincika wadda take da amincewar hukuma a yanzu, ka karanta sharuɗɗanta, sannan ka shiga. Idan kuma ka ga wani ya ɗora waƙarka a intanet ba da izininka ba, kada ka shiga zage-zage a Facebook, ka aika wa masu dandalin takardar koke da shaidarka, sabuwar dokar ta tanadi hanyar da za a sa su sauke ta.

Ka gaya wa mai fim ɗin ya rubuto abin da yake so, ka ce mahaifinka zai duba. Idan za ka zo ƙarshen wata ka taho da takardar, mu kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu, kuɗin lauyan ni zan biya. Ka taho kuma da jerin sunayen duk waƙoƙin da ka riga ka saki, da situdiyon da aka naɗi kowace, da wanda ya biya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka.