Wasiƙa daga Leiden: Labarin Joop Zoetemelk

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da su Baba. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai ya sako mu gaba.

Ka tambaye ni ko mutanen Holan, da ba sa rabuwa da keke, suna da gwanin tseren da suke tinƙaho da shi. Suna da su birjik, amma wanda dattawa ba sa gajiya da ambatonsa shi ne Joop Zoetemelk. An haife shi a 1946, ya tashi a Rijpwetering, wani ƙauye kusa da nan. Da gudun kan ƙanƙara ya fara, sannan ya koma keke. A 1968 shi da abokansa uku suka ciyo zinare a Olamfik ta Meziko.

Gasar Tour de France, wadda ake shafe mako uku ana fama da duwatsu, sau 16 ya shiga, sau 16 ya kai ƙarshe. Sau shida yana zuwa na biyu, don ya yi zamani da dodanni: da farko Eddy Merckx na Beljiyam, daga baya Bernard Hinault na Faransa. 'Yan tsegumi suka riƙa cewa lafewa kawai ya iya. Ka san a tseren keke na gaba ne ke shan iska, na bayansa yana adana ƙarfi. To amma lafewa a bayan Merckx a kan dutse ai ba aikin rago ba ne.

A 1974 ya yi karo da mota a wani tsere a Faransa, ƙoƙon kansa ya tsage, sanƙarau ya biyo baya. Ya warke, ya dawo, ya ci Vuelta, babbar gasar keke ta Sifen, a 1979, ya ɗauki Tour a 1980. Nan ma sai aka ce banza ce ta faɗi, wai don ciwon gwiwa ya fitar da Hinault. Ni dai a ganina, wanda bai kai Paris ba, inda ake kammala gasar, ba shi da ta cewa. Ba zan ɓoye maka ba, gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ya taɓa kama shi, abin da ya yi katutu a tseren wancan lokaci.

A 1985 kuwa, yana da shekara 38, ya sulale wa samari dab da ƙarshen tsere a Italiya, ya zama zakaran duniya. Sai 1987 ya ajiye keken.

Ka gaishe min da Hajiya da mutanen majalisa. Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka na Leiden