Sili ɗaya ƙwale bai dace da ƙananan gundumomin hurling ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafinku na wasanni in yi magana a kan hurling, wasan gargajiyar ƙasar Ireland, musamman gasar aji na biyu ta gundumomi. Ra'ayina shi ne tsarin sili ɗaya ƙwale, wanda aka daɗe ana bi a wannan aji a da, ya fi cutar da ƙananan ƙungiyoyi a hurling fiye da a kowane wasa, kuma dalilin yana cikin yadda ake buga wasan kansa.

Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana yin minti 70, wato 35 kafin hutu da 35 bayansa. Fili ya kai tsawon mita 130 zuwa 145, ya fi na ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sandar katako mai faɗin baki, yana sanye da hular kwano mai waya a fuska, wadda aka wajabta wa kowa tun 2010. Ƙwallon ƙarama ce ta fata, tana cika tafin hannu. Turakun raga dogaye ne, sun zarce ƙarfen giciye: in ƙwallo ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta sama tsakanin turakun maki 1. Shi ya sa ake rubuta sakamako kamar 1-22, ma'ana ƙwallo ɗaya a raga da 22 ta sama, jimilla maki 25. Ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, sai a ɗago ta da bakin sanda, kuma ba a wuce taku huɗu da ita a hannu.

A nan matsalar take. A ƙwallon ƙafa, ƙaramar ƙungiya tana iya tare bakin ragarta da mutum goma ta nemi canjaras. A hurling wannan dabara ba ta aiki, domin gwani yana cin maki daga mita 70 ko fiye. Ka ja baya ka tare gida, sai ya tsaya a tsakiyar fili yana aika ta sama ɗaya bayan ɗaya. Bambancin kuma a taɓawar farko yake. Wanda ya saba da manyan wasanni, da gudu zai zura sanda ƙarƙashin ƙwallo, ta yi tsalle zuwa tafinsa, ya buga ta hagu ko dama ba tare da ya tsaya ba. Wanda bai saba ba sai ya taɓa sau biyu, kafin ya ɗaga sanda an maƙale ta ta baya ko an tare bugun ta gaba. Haka bugun mai tsaron raga: in 'yan tsakiyarsa ba sa iya cafke ƙwallo a sama, duk bugun da ya yi dawo masa zai yi. Minti goma kacal ya isa a tsere wa ƙungiya da maki takwas. Irin wannan sauri ba a koyonsa a atisaye, sai a wasa na gaske, an yi an sake yi.

To, tsohuwar gasar aji na biyu, wadda ake kira ta B, wadda GAA, hukumar wasannin gargajiya ta Ireland, ta fara a 1974 ta rufe a 2004, sili ɗaya ƙwale ce. Gundumar Kildare ce ta ci ta farko da ta ƙarshe, Landan kuwa, ƙungiyar 'yan Ireland mazauna Ingila, ta ɗauke ta sau biyar. Amma ƙungiyar da aka doke a zagayen farko, gasarta ta ƙare a rana ɗaya. A tuna cewa waɗannan 'yan wasa ba a biyansu albashi. Malaman makaranta ne da manoma da ɗalibai da ke fitowa atisaye da daddare cikin sanyin hunturu. Wa zai yi wata biyar yana wannan wahala domin minti 70? Kuma ba a sayen ɗan wasa daga wata gunduma a cike giɓi. A Kerry, hurling ya fi ƙarfi a 'yan ƙauyukan arewacin gundumar. A Down, kulob uku na zirin Ards, wato Ballycran da Ballygalget da Portaferry, su suka daɗe suna riƙe da wasan. In mutum biyar suka yi zuciya suka bari, ƙungiya ta gurgunce.

A 2005 kofin Christy Ring ya maye gurbin gasar B, sannan a 2018 aka kawo kofin Joe McDonagh ya zama aji na biyu. Daga 2022 zuwa 2025 ƙungiyoyi shida ne, kowa ya kara da kowa, wasa biyar-biyar, nasara maki 2, canjaras maki 1. Biyun farko su haɗu a wasan ƙarshe a filin Croke Park na Dublin, zakara ta hau babban aji, ta ƙarshe ta sauka Christy Ring, wanda ya koma aji na uku. An ga amfaninsa. Offaly, wadda ta ci kofin ƙasa sau huɗu tsakanin 1981 da 1998, ta faɗi har aji na uku a 2019, ta ci Christy Ring a 2021, ta ci McDonagh a 2024. Kildare ta ci Christy Ring a 2024, ta ɗora da McDonagh a 2025. Da a tsohon tsari ne, rashin sa'a na yini ɗaya ya isa ya dakatar da wannan hawan.

Inda aka bar guntun sili ɗaya ƙwale kuwa, nan aka ga ɓarna. Daga 2018 zuwa 2025, ban da 2020 da 2021, aka riƙa tura ƙungiyoyi biyun da suka kai wasan ƙarshe na McDonagh su kara da manyan ƙungiyoyin lardunan Leinster da Munster a gasar kofin ƙasa, galibi kusan mako ɗaya bayan sun buga wasan da ya fi kowanne muhimmanci a wurinsu. Masu kare wannan tsari kullum 2019 suke ambata, lokacin da Laois, zakarar McDonagh, ta doke Dublin ta babban aji 1-22 da 0-23 a Portlaoise. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a 2023 Tipperary ta ci Offaly 7-38 da 3-18, maki 59 da 27. 'Yan wasan Offaly da suka sha kaye a wasan ƙarshe na McDonagh aka jefa gaban ƙungiyar da ta saba da gudun babban aji. Ni a ganina, kamata ya yi ƙoƙarin hukuma ya tafi ga shekarar farko bayan hawa, domin Carlow da Westmeath da Antrim duk sun hau sun sauko: a ƙara musu masu horar da yara a makarantu, a kuma tabbata suna samun wasannin lig da manyan ƙungiyoyi tun watan Fabrairu, kafin gasar bazara ta zo.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Mai karatunku,
daga Dublin