Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin tseren Dusi

Aboabo, Kumasi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokin tuƙinka. Mu nan lafiya lau, sai dai mahaifiyarka ba ta huce ba tun da ta ji kuɗin da ka tara Afirka ta Kudu za ka kai su don ka shiga ruwa. Ni na ba ka izini, ban kuma janye ba. Amma in an kira ka a waya kullum kana sauri, shi ya sa na zauna na rubuto.

Na sa ƙaninka ya nemo mini bayanin tseren nan na Dusi, na tuƙa ƙananan jiragen ruwa. Kusan kilomita 120 ne daga Pietermaritzburg zuwa Durban, cikin kwana 3, a bi kogin Msunduzi, wanda ake kira Dusi, har ya haɗu da kogin Mgeni, a watan Fabrairu lokacin da ake damina a can. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na farkon da aka yi a 1951: mutum ɗaya tak, Ian Player, ya kai ƙarshe, shi ma sai da ya yi kwana 6. Waɗanda suka tsaya a hanya ba ragwaye ba ne.

Na san ƙarfinka. Na ga tafin hannunka da ka zo sallah, duk kanta, filafili ya cinye shi. To amma a wane ruwa ka samo wannan ƙarfin? Kogin Volta daga Akuse zuwa Ada ruwa ne mai faɗi, kwantacce, wanda madatsar Akosombo ta 1965 da ta Kpong ta 1982 suka riga suka ladabtar. Abokan faɗanka a can iska ce, sai ruwan teku in ya turo a bakin Ada. Dusi kuwa ƙaramin kogi ne mai duwatsu, yana gangarowa tsakanin tsaunuka a fusace, kuma jirgin da za ku shiga ba irin kwale-kwalenmu na katako ba ne da zai daki dutse ya wuce. Wannan in ya daku, ya tsage, tafiya ta ƙare. Shi ya sa a tseren ake sauka a saɓa jirgi a kafaɗa, a hau tudu da gudu, a sake komawa ruwa a gaba.

To ga maganata. In kun iso wurin da ruwa ke ruri kuma zuciyarka ta yi shakka, ka sauka ka ɗauki jirginka. Ba abin kunya ba ne, cikin tseren yake. Na san halinka: in ka ga wani ya kutsa ya wuce, sai ka ce kai ma sai ka bi. Shi wancan ya san dutsen da ke ƙarƙashin kumfar nan tun yana yaro, kai baƙo ne. Thulani Mbanjwa da ya ci tseren a 2008 tare da Martin Dreyer a kwarin kogin nan ya tashi, ƙafarsa ta san hanyoyin tudun kamar yadda hannunsa ya san ruwan.

Kakanka da ka ci sunansa Basarke ne daga Yawuri, ya yi rayuwarsa a kan ruwa a Yeji. Da tafkin Volta ya cika ya haɗiye dazuzzuka, itatuwa suka tsaya a ƙarƙashin ruwa suna fasa jirage, sai ya zama in zai shiga yankin da bai sani ba, yakan ɗauki yaron ƙauyen ya zaunar da shi a goshin jirgi. Yaro na nuna masa da yatsa, nan kututture, can ma kututture, shi kuma dattijo da furfurarsa yana cewa to. Matasa suna yi masa dariya. Bai taɓa kula su ba. Kai ma ka isa da wuri, ka nemi wanda ya san kogin ya zaga da ku, ka yi tambaya ko da za a ce ka cika tambaya.

Sai abokin tuƙinka. Na gaba shi ke juya jirgi da ƙafa, shi ke sa bugun filafili, na baya kuma ya bi. Ku yi magana tun kuna gida: duk wanda ya ce a sauka, an sauka, gardama sai dare. Gajiya tana sa mutum ya faɗi abin da ba ya nufi, musamman a rana ta biyu. Ka riƙe bakinka.

Kada ka ƙone ƙarfinka a ranar farko don mutane na kallo. Rana ta biyu tana ƙarewa ne a kan tafkin Inanda, ruwa kwance irin wanda ka saba. A nan Volta za ta yi maka rana, in ka bar wani abu a hannunka.

Ruwan kogin ba shi da tsabta, an san shi da sa mutane gudawa. Kada ka sha, kada ka wanke baki da shi, ka riƙe ruwan gishiri da sukari a kusa. Kada kuma ka gwada abincin da cikinka bai sani ba ana gobe tsere. Mahaifiyarka ta ce za ta haɗa maka gari da gyaɗa. Rigar kariya daga nutsewa kuwa, ko zafi ya kai ina, tana jikinka. Salla ka yi ƙasaru, matafiyi ne kai, in ya so ka tambayi malam yadda za ka haɗa azahar da la'asar.

Kowace yamma in kun fito, ka kira mahaifiyarka kafin ka kira ni. Ba za ta tambaye ka na nawa ka zo ba, muryarka take son ji. Ka biyo ta Kumasi kafin ka tashi, a yi maka addu'a a gida.

Allah ya tsare, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Naka,
Mahaifinka