Kwana tara da dawowata daga Legas

Unguwar Jahun, Bauchi.

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Alƙahira? Ka yi ta tambayata labarin tafiyar nan da na yi zuwa Legas don aikin sa-kai a taron masu zane, ni kuma ina ba ka amsa a taƙaice. Yi haƙuri, maganar ta fi ƙarfin saƙon tsaye, sai daren nan na samu natsuwa.

Ka san nisan hanyar. Daga Legas zuwa Ibadan, mu bi ta Okene da Lokoja, mu ratsa Abuja, Akwanga, Jos, sannan gida. Mun kwana mun wuni a mota. Na sauka ƙafafuna a kumbure, muryata a dishe. Inna ta dube ni ta ce, "Yanzu aikin da ba ko sisi ne ya mayar da kai haka?" Sai ta aika aka sayo mini masa mai zafi. Na ci, na yi barci kamar matacce.

Taron shi ne Lagos Comic Con, wanda aka fara tun 2012. Masu zanen labari, masu katun, masu wasannin kwamfuta da masoyansu, duk a zaure ɗaya. Ni dai aikina tsayuwa a bakin ƙofa, nuna wa mutane hanya, da jidar kujeru. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wata yarinya, ba za ta wuce shekara 10 ba, ta zo da shigar jaruma, da garkuwar kwali da ta yi wa fenti da hannunta. Ana dab da kiran masu irin wannan shigar kan dandamali mariƙin garkuwar ya ɓalle. Ta tsuguna a gefe tana kuka ƙasa-ƙasa. Ka san mai aiki a shagon buga takardu ba ya rabuwa da gam da salatif. Na durƙusa na ɗaure mata shi tam. Da ta hau, ta ɗaga garkuwar sama, zauren ya ɗauki tafi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Mahaifiyarta ta yi ta sa mini albarka da Yarbanci, ban gane ko kalma ba, amma na fahimta.

To, ranar Litinin na buɗe shago a Wunti. Fotokofi, katin ɗaurin aure, kalandar suna, a ɗauke wuta a tada janareta. Komai yana inda na bar shi. Ba aikin ne ya dame ni ba, da shi nake ci. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin wanda zan yi hirar da shi. A can, da ka buɗe littafin zanenka mutum biyar za su kewaye ka suna tambayar wane alƙalami ka yi aiki da shi. A majalisarmu na fara ba da labari, wani ya ce katun ai na yara ne, aka yi dariya aka koma musun ƙungiyar ƙwallon Wikki Tourists. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. A nan ne na yi kewarka sosai, na tuna yadda muke cika bayan littafin lissafi da mahaya doki har malam ya kama mu.

Shekaranjiya da la'asar sai ga yaron mai shayin da ke kusa da mu, ya tsinci takardun da injin ya ɓata, ya zauna kan benci yana zane a bayansu da guntun biro. Na leƙa. Dokin hawan Sallah ne, da linzami da jalala, har ƙurar da kofato ke tayarwa ya fitar. Da ya lura ina kallo sai ya yi sauri ya rufe da hannu, kamar wanda aka kama da laifi. Wannan rufewar ita ta hana ni barci. A ƙasar da mutanen dauri suka yi zane a jikin dutse a Geji, nan jihar Bauchi, wanda har yau yana nan, yaro na jin kunyar zane!

Na yi magana da maigidana, ya yarda in riƙa tara takardun da suka lalace. Na sayi fensir dozin biyu da magogi. Ranar Asabar bayan la'asar zan shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, yaron ya ce zai zo da abokansa uku. Ban san yadda za ta kaya ba, amma na ƙudura.

Alfarma ɗaya nake nema. Zanen nan da ka yi na Malam Yakubu, sarkin Bauchi na farko, yana duba ginin ganuwar Bauchi, idan yana cikin kayanka, ɗauke shi a hoto ka turo mini kafin Juma'a. So nake in buga shi da girma in liƙa a bango, su ga aikin ɗan unguwarsu.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Jiya na ga Baba a masallaci, lafiyarsa ƙalau.

Naka har kullum,
Amininka