Ƙwayar da nake sha bayan aikin sankarar mama ta saka ni ciwon gaɓoɓi

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki, ya iyali ya ƙoƙari. Ni mai sauraron shirinki ce duk mako, yau dai nace bari nima in rubuto tawa, don abin ya kai min iya wuya.

Shekarata 54, ɗinki nake yi a gida. A 2023 aka gano ina da sankarar mama, aka cire min na hagu, nayi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye 6 sannan aka yi min gashi, wato ƙona wurin ciwon da hasken na'ura, alhamdulillah duk na wuce wannan. Da aka gama sai likita yace irin ciwon nawa da sinadarin mata yake girma, wanda suke cewa istirojin, to tunda na riga na daina al'ada sai ya ɗora ni kan letrozole 2.5mg, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5, yace ita ce zata rage sinadarin a jikina don kar ciwon ya dawo. Na karɓa hannu bibbiyu.

Wata uku da farawa jikina ya canja. Dakta in na farka da asuba yatsuna a sandare suke kamar itace, ko buta bana iya riƙewa, sai ƙaramar 'yata ta ɗumama ruwa na tsoma hannuna a roba kamar minti goma kafin su yarda su lanƙwasu nayi alwala. Gwiwoyina kuwa in na zauna a darduma tashi sai na dafa bango, yanzu a kan kujera nake sallah, ni da nake tsayuwar tarawi gaba ɗaya ban taɓa zama ba, wallahi ranar farko da na ja kujera sai da nayi kuka. Wajen ɗinki ma almakashi gagara ta yake, babban yatsana yana maƙalewa sai na sa ɗaya hannun na buɗe shi ya ce ƙas, da dare kuma hannun dama yayi ta jin kamar tafiyar kiyashi har ya tashe ni daga barci. Ɗinkin sallah da yawa mayar wa masu shi nayi bana, kuma da kuɗin ɗinkin nan nake sayen maganin. In na ɗan motsa zuwa hantsi jikin yana saki, amma da na zauna na jima sai ya koma gidan jiya, lokacin hunturu kam ba a magana.

Mutanen gida kowa cewa yake sanyi ne. Na shafa man zafi, na sha citta da kurkur, na sayi diclofenac a kemis ya ɗan taimaka amma ƙirjina ya riƙa zafi, ga shi ina da hawan jini, sai naji tsoro na bari. Yayata ta dage sai an yi min ƙaho, ni kuma an gargaɗe ni ko allura ko awon jini kar a yi min a hannun hagu saboda kumburi, shi yasa naƙi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana bai sani ba. Kafin babbar sallah na ajiye ƙwayar kwana 12, kuma gaskiya naji sauƙi sosai har nayi sujada a ƙasa, amma hankalina bai kwanta ba ko na dare ɗaya, sai in ga kamar da hannuna nake buɗe wa ciwon ƙofa, na koma sha, ciwon ma ya dawo. Ranar ganin likita layi yayi yawa, kunya da tsoron faɗa suka hana ni magana, nace masa da sauƙi kawai na fito.

Don Allah Dakta, kwanakin nan da na tsallake sun yi min illa? Wata da muke haɗuwa a layi tace ita an canja mata zuwa anastrozole taji dama, wata kuma tamoxifen aka mayar da ita, shin nima zan iya roƙon a canja min, ko duk ɗaya ne? Wata nas tace in riƙa tafiya minti 30 sau 5 a mako wai motsa jiki na rage wannan ciwon, to ta ina zan fara da wannan gwiwar, kuma akwai motsin da zan riƙa yi wa yatsun? Wane maganin ciwo ne mai hawan jini zata iya sha ba matsala, paracetamol kaɗai baya min komai. Naji kuma ance ƙwayar tana sa ƙashi yayi rauni, ya kamata in nemi a yi min gwajin ƙarfin ƙashi ko in fara shan kalsiyam da bitamin D?

Sai tambayar da tafi hana ni barci. Ta yaya zan bambance ciwon da ƙwaya ke sawa da wanda ke nuna sankarar ta shiga ƙashi? Sati biyu kenan ina jin wani ciwo wuri ɗaya a ƙasan bayana, shi baya sauka ko na motsa, ranar komawata asibiti kuma sai wata mai zuwa. In jira ranar ne ko in tafi tun yanzu?

Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a.

Taki, wata baiwar Allah daga Zariya