Zuwa ga Abba da ke Kenema, Saliyo

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kun wuni lafiya kai da ɗiyar tawa, ya baƙunta ya kuma ruwa. Mu nan alhamdulillahi kowa ƙalau, Babanku ma ƙafar da sauƙi sosai har ya koma fita masallaci. Na ce bari in zauna in rubuto maka ne saboda in waya ce sabis ɗinku yankewa yake, kuma maganar da ke bakina ba ta minti biyu ba ce. Ka karanta kai kaɗai tukunna, in ka ga dama daga baya ka nuna mata.

Ranar da muka yi waya ka ce min ka dawo daga asibiti a gajiye ka tarar ba a ɗora komai ba, kayanka na aiki ma ba su bushe ba, gidan sai warin danshi. Na ji ka, ban ce komai ba a lokacin don na san tana kusa. Toh yanzu zan faɗa. Abba yarinyar nan ba rako ka ta yi Saliyo ba. Yadda ka cike takarda aka tantance ka haka ita ma ta cike aka tantance ta, gwamnati ta tura ku ku biyu kowa da sunansa a wannan shiri na TAC na tura ƙwararrun Najeriya aikin sa kai a ƙasashen waje, kai likita ita malamar kimiyya. Ƙarfe nawa ka fita? Ita ma lokacin ta fita, ta tsaya gaban allo tun safe tana fama da yaran da Turancinsu daban nata daban, sannan ta dawo gidan da babu 'yar aiki babu ƙanwa babu maƙociyar da za ta aika wa yaro ya karɓo mata ko gishiri. A nan Kano in ta gaji akwai masu kama mata, ni kaina sau nawa nake aika muku da tuwo. Can kuwa kai ne ƙanwar kai ne maƙociyar kai ne uwar. Wanda ya riga dawowa ya ɗora ruwan shinkafa, ba abin kunya ba ne wallahi, Manzon Allah SAW yana taya iyalinsa aikin gida, in lokacin sallah ya yi ya fita, kai ka fi ni sanin hadisin. Kuma ni na koya maka girki da hannuna tun kana sakandare, kar ka ce min ka manta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne can babu inda za ta je. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, wannan dole, amma a gida in an saɓa akwai gwaggo akwai kawu akwai waliyyi, ko yaji ta yi unguwa biyu ne tsakani, a kira ku a yi muku faɗa a mayar da ita da yamma. Daga Kenema kuwa sai ta yi tafiyar awanni a mota kafin Firitawun, sannan ta tsallaka ruwa zuwa Lungi inda filin jirgi yake, ka ga ai ba tafiyar mai fushi ba ce. Ma'ana duk abin da ka faɗa mata da zafi a cikin ɗakin nan zai zauna da ita, ba wanda za ta kai wa ƙara, kuma na santa da zurfin ciki ba za ta kira uwarta ta tayar mata da hankali ba. Don haka kar ku kwana da magana. In ranka ya ɓaci ka yi alwala ka fita baranda ka sha iska ka dawo, amma kar ka yi mata irin shirun nan naka na kwana da kwanaki, na san halinka tun kana ƙarami. Iyayenta sun yarda ta bi ka ƙasar da ba su taɓa gani ba saboda sun yarda da gidanmu, amanar a wuyana take kafin naka.

Maganar danshi kuma ba laifin kowa ba ne, ƙasar ce haka. Damina can daga wajen watan Mayu take har Nuwamba, Yuli da Agusta kuwa ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, abin da ke sauka a shekara ya ninka namu na Kano sau uku ko fiye. Ka tuna 2017 da dutse ya zaftare a Regent bayan Firitawun cikin Agusta mutum sama da 1,000 suka tafi, ruwa ne ya jawo. Ku da kuka saba a yi shanya da hantsi a kwashe kafin azahar dole abin ya ba ku mamaki. Ku ɗaura igiya a baranda ko cikin ɗaki, kar a shanya a ƙasa ko kan ciyawa, kuma komai a goge shi da dutsen guga mai zafi har na ciki, saboda akwai wani ƙuda a irin waɗannan ƙasashen da yake ƙwai a jikin tufa mai laima, tsutsar ta shiga fata ta zama kamar maruru. In ba wuta ku sayi na gawayi. Takalman fata da jakunkuna da takardunku na makaranta ku dinga fito da su duk ranar da rana ta leƙo, in ba haka ba fumfuna za ta cinye su. Kuka da kuɓewa da daddawa da yajin da na haɗa muku a juye su a roba mai murfi mai kamawa sosai, kilishin nan kuma ku cinye shi kawai kar ku ce za ku yi ta ajiya.

Murfin nan ba don fumfuna kaɗai ba. Kai likita ne ka san Kenema gidan zazzaɓin Lassa ne, har sashe na musamman gare shi a asibitin gwamnati na garin, kuma ɓera ne ke kawo shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Ciwon ma sunan garinmu Lassa da ke Borno ya ɗauka tun 1969, ba baƙonmu ba ne. Na yi shekaru ina aikin jinya, na san yadda likita in ya saba yake sakaci da safar hannu, dan Allah kar ka zama cikinsu, in ka dawo ka cire kayan asibiti ka yi wanka kafin ka zauna cikin iyalinka. Gidan sauro kullum, ba sai damina ba, can sauro ba ya hutun rani irin namu. In kuma Allah ya kawo rabo kuna can, toh ka ninka kula, maleriya da Lassa duk sun fi tsanani ga mai juna biyu, ta fara awo da wuri, kuma ku sanar da ni da wuri in san abin yi.

Abinci kuwa ku saki jiki. Mutanen nan shinkafa ce abincinsu safe da dare, da miyar ganyen rogo ko ganyen dankali da manja da kifi, akwai miyar gyaɗa ma wadda ba za ta yi muku baƙunta ba. Ta samu wata dattijuwa cikin malaman makarantarsu ta koya mata, ganyen rogo sai an daka an dafa shi sosai kafin a ci. Ta haka ma za ta yi ƙawaye, kuma ina so ta yi su, kar ka kulle ta daga makaranta sai ɗaki. Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, masallatai ko'ina, ga Fulani masu shaguna, za ku samu na gari. Sai dai za ka ga zamansu da Kirista ya cakuɗe fiye da yadda ka saba, gida ɗaya wani na zuwa coci wani masallaci har da auratayya, ka riƙe addininka ka bar musu tsarin zamansu, ba wa'azi aka aike ka ba. Ku koyi gaisuwa da Mende da Kiriyo ku biyun, ku dinga yi wa juna bita da daddare, mara lafiya in ka gaishe shi da harshensa ya fi sakin jiki ya faɗa maka gaskiyar abin da ke damunsa.

Sannan bakinka. Mu 'yan Najeriya muna da ɗaga murya da nuna mun fi kowa sani. Kawunka da ya je can da ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar Afirka ta Yamma, yana yawan faɗa, sojojinmu sun zubar da jini a ƙasar nan, su suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, amma wannan ba abin gori ba ne, kar in ji ka ce wa wani mu muka cece ku. Yaƙin basasarsu daga 1991 har 2002 aka yi shi, za ka ga dattijai da yankakken hannu, kar ka tambayi kowa me ya faru ko ɓangaren wa yake sai in shi ya fara. Ma'aikatan jinyar da za ka tarar kuma wasunsu sun ga Ebola ta 2014 da idonsu, sun binne abokan aikinsu, babban likitansu na sashen Lassa Sheik Umar Khan ma a cikinta ya rasu. In kayan aiki sun yi ƙaranci kar ka yi ta cewa a wajenmu kaza ake yi, ka tambaye su yadda suke yi, sun fi ka sanin wurin. Siyasarsu ta jam'iyyar masu kore da ta masu ja babu ruwanka. Kuma garin nan kasuwar daiman ce, wata rana wani zai zo maka da ɗan dutse a ƙunshe a takarda ya ce araha, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka wuce, fitar da shi ba lasisi laifi ne babba, ga na jabu.

Kuɗi kuma, alawus ɗinta nata ne, ci da sha da sutura a kanka suke ko tana samu ko ba ta samu, in ta taimaka ta yi don Allah ka gode mata da bakinka. Shekara biyu kamar gobe ce, ku ware abin da za ku ajiye tun farkon wata. 'Yan uwa an fara zuwa min wai kuna ƙasar waje kuna kwasar dala, na ce musu aikin sa kai kuka tafi, duk wanda ya matsa maka ka turo min shi ni zan ji da shi. Mu ma kar ka takura kanka a kanmu, fanshona da na Babanku suna isarmu.

Ka dinga sa mata kati tana kiran gidansu ko sau biyu a sati, ka tuna awa ɗaya muke gabanku kar ku kira mutane sun yi barci. Ranar da ba ku da aiki ka ɗauke ta ku fita ko kasuwa ce ku zaga tare, in an samu hutu ku je Firitawun ta ga teku, tun tana nan take cewa ba ta taɓa gani ba.

Akwai wani ɗan unguwarmu da zai bi ta Firitawun bayan sallah, zan ba shi garin kunu da tsamiya da turaren wuta na ɗiyata, ka tambaye ta in akwai abin da take so in ƙara, ta turo min da kanta. Babanku yana gaishe ku, ƙannenka ma duk suna gaisuwa. Allah ya tsare min ku, ya yi muku albarka, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifiyarka